Ragar da Na Zo da Ita Daga Ikko

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, 'yancin kai sai dai a ji ana labarinsa a kasuwa, na yi cin ranina na farko. A ƙauyenmu da ke tsakanin Mabai da Pauwa, da an gama girbi an kai auduga awo, sai samari su ɗaure 'yan ƙunshinsu su nufi kudu, ba a sake ganinsu sai gab da faɗuwar damina. Mu ma haka muka yi ni da abokaina. Muka taka da ƙafa har Funtuwa, muka hau jirgin ƙasa, muka yi ta tafiya har muka ga ruwan da ba a hango ƙarshensa a Ikko.

Aikin dako na samu a bakin teku, muna sauke buhunan gyaɗa muna loda wa jiragen ruwa. Wata rana da tsakar rana, wuya ya ƙage, ƙafa ta yi nauyi, na ɗaga kai sai na hango wani ma'aikacin jirgi kwance cikin wata raga da aka ɗaure bakinta biyu a jikin ƙarfe. Ba a ƙasa yake ba, ba kuma a kan gado ba. Ƙafa ɗaya a waje tana reto, hula a kan fuska, iska tana ɗan kaɗa shi. Na tsaya da buhu a ka na saki baki, har sai da shugaban 'yan dako ya daka mini tsawa. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin mutum yana hutawa da gaske ba sai ran nan.

Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, amma da hannu da ka muka daidaita. Na ba shi wuƙata mai kuben jan fata da malfar da na zo da ita daga gida, ya ba ni ragar. Na naɗe ta na mayar matashi har ranar da muka juyo.

Da muka dawo, kowa ya baje abin da ya samo. Wannan fitilar ƙwai, wancan yadin fari da madubi, wani har da agogon hannu wanda shi kansa bai iya karantawa ba. Ni ma na kawo wa mahaifiyata atamfa da gishiri, kada ku ce ban da hankali gaba ɗaya. Amma abin da nake ɗoki a gani shi ne ragar. Na warware ta a tsakar gida ina washe baki. Mahaifiyata ta ɗaga ta, ta juya, ta leƙa ta cikin hujojin, sannan ta dube ni.

"Wannan ai ragaya ce," in ji ta. "Irin wadda muke ratayewa a ɗaki mu ɗora ƙwaryar nono. To ina ƙwaryar da za ta cika wannan?"

Na ce, "Inna, ni ne ƙwaryar."

Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. 'Ya'yan mutane sun tai nema, nawa ya tai ya koyo kwanciya."

Na ɗaure ta a ƙofar gidanmu tsakanin ceɗiya da wani durumi, rabin unguwa suna tsaye suna kallo. Na ja da baya na gyara wando, na ɗaga ƙafa na faɗa ciki yadda na ga mutumin jirgi yana yi. Ta wannan gefe na shiga, ta wancan na fito. Ban san lokacin da haɓata ta daki ƙasa ba. Yara suka yi ta birgima don dariya, wata tsohuwa ta ce ai dama ta san abin Ikko ba ya karɓar ɗan talaka. Sai da na sha ƙasa har na gaji kafin na gane sirrinta: zama ake fara yi a tsakiya, sannan a ɗauke ƙafafu a hankali, a kwanta a ɗan karkace.

Kai, jama'a! Da na samu kanta, sai na ji duniya ta canza. Wanda ya san bazarar ƙasarmu ya san abin da nake nufi. Ɗaki ba ya shiguwa, tabarma tana ƙuna kamar an ɗauko ta daga kan murhu, ka kwanta a ƙasa cinnaka ta same ka, ka jingina da bango kana tsoron kunama. Amma cikin ragar nan iska ta sama take zuwa, ta ƙasa take zuwa, bayana da bai taɓa sanin sanyi ba ya ji sanyi. Na dubi sama ta tsakanin ganye, ga kurciya tana kuka can wani reshe, ga ɗan lilo yana kai ni yana dawo da ni. Idan Bafillatana ta biyo da nono, in sa a dama mini fura, in ɗora ƙwaryar a kan ciki in riƙa kurɓa ba tare da na tashi ba. Wallahi a lokacin da an ce in sauka in hau gadon hakimi, da na ce a bar shi ya ci gaba da kwanciyarsa.

Kafin a jima abokaina sun fara bin layi. Mai agogo ya zo yana lallashina in bar shi ya ɗana, mai fitila ya ce shi da ya sani da raga ya nemo. Wani ɗan'uwanmu ya taso takanas daga Sheme don ya gani da idonsa, ya hau, barci ya kwashe shi, sai da aka tashe shi sallar la'asar. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina zaune ina koya wa mutane yadda ake kwanciya kamar wani malami.

Abin da na manta shi ne, a ƙauye labari ba ya tsayawa a unguwa ɗaya, ni kuma ina da abin da zan yi asara.

Akwai yarinyar da nake nema. Gonarsu tana iyaka da tamu, a nan na fara ganinta tana kawo wa mahaifinta abinci. Tana sona ina sonta, iyaye mata sun sani, manyanmu sun je gaisuwa tun kafin in tafi cin rani. Abin da ya rage shi ne amsar mahaifinta, shi kuwa ya ce sai an yi shuka zai faɗa. Mutum ne gajere kakkaura, mai ƙarancin magana, manomi na ji da gani. A garin ana cewa ba wanda ya taɓa ganinsa kwance da rana, ko zazzaɓi yake yi a zaune yake yinsa. Da hannu yake auna mutum. Idan saurayi ya gaishe shi, ba fuskarsa yake kallo ba, tafin hannunsa yake kallo ya ga ko akwai kanta.

Wata ranar kasuwa da yamma baffana, ƙanen mahaifina, wanda maganar auren take hannunsa, ya dawo daga Ƙanƙara fuska a murtuke. Ya same ni ina reto.

"Kai, sauko nan. Mi nike ji? An ce ka maida kanka ƙwaryar nono."

Na sauko na durƙusa. "Baffa, hutawa ce kawai. Bazara ce, ba a fara aiki ba."

"To uban yarinyar nan ya tare ni cikin kasuwa. Ya ce in faɗa maka, shi bai haifi ɗiyar da za ta riƙa daka tana ciyar da mutumin da ke rataye bisa icce ba. Da an yi shuka zai ba mu amsa, kuma ni yadda na ga fuskarshi, amsar ba mai daɗi ba ce. Ka ƙone abin nan tun da wuri."

Da na samu ganin yarinyar a bakin rijiya, ita ma ba ta sassauta mini ba. Ta ɗaure fuska ta ce, "Ka zaɓa, ko ni ko igiyar nan. Baba shina cewa malalaci ne kai, ni kuma ina jin kunyar a faɗa." Ta ɗauki tulunta ta yi gaba, sai kuma ta waiwayo ta rage murya. "Amma da gaske ne wai iska har ta ƙasa take shiga?"

Na so ta a ranar fiye da kullum. Sai dai ƙona ragar ya gagare ni. Na kai ta bakin murhu na dawo da ita, hannuna ya ƙi. Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na kwance ta daga ƙofar gida kowa yana gani, na bar mutane suka ɗauka an gama da ita, na kai ta can ƙarshen gonarmu, wani ɗan kwari da kargo ya rufe, inda wata kaɗanya da wata ɗorawa suke tsaye kusa da juna. Na ɗaure ta sama sosai, saboda da bazara awaki a sake suke, ba abin da ba sa tauna. Ni dogo ne, in na yi ɗan tsalle na kai.

Sannan na kama aiki kamar wanda aka yi wa allura. Da an sallame asuba na ɗora wa jakinmu mangala, in yi ta jigilar taki daga gida zuwa gona. Na share gonar tas, na tara kara na ƙone, kuma duk abin da zan yi sai na matsa wajen iyaka inda mahaifin yarinyar zai gan ni. In na hango shi sai in tuɓe takalma in durƙusa daga nesa in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa da "Yawwa" ɗaya ya ci gaba da aikinsa. Haka ake yi a lokacin. Tsakanin mai neman aure da uban yarinya akwai kunya mai nauyi. Ba ka kallon idonsa, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka zama inda yake zaune. In kun haɗu a hanya sai ka ratse cikin gona ka ba shi wuri. Da rana ta take, in na ga ya ɗauki fartanyarsa ya nufi gari, sai in sulale cikin kwari in haye ragata in miƙe ƙafa. A zatona ba wanda ya sani, daga ni sai jaki.

Ran da abin zai faru, zafi ya kai maƙura. Tun safe iska ta tsaya cak, tsofaffi suna duban gabas suna cewa yau kam akwai magana. Kullum in zan bar gona nakan kwance ragar in ɓoye cikin kargo, amma ran nan na ce saura jigila ɗaya ta taki, bari in je in dawo. A gida mahaifiyata ta tsare ni da gyaran danga, ban samu juyowa ba sai bayan azahar ta yi nisa.

Ina gangarowa kwarin da jaki a gabana, sai na ga ragar ta yi ciki, ta yi nauyi. Na ce lalle wani cikin abokaina ya gano maɓoyata, bari in lallaɓa in girgiza shi. Na matsa cikin sanɗa. Sai idona ya sauka a kan fartanya jingine da kaɗanya, da takalma an ajiye su a jere, da wata malfa mai baƙin baki wadda duk garin an san kan da take hawa.

Mahaifin yarinyar ne. Mutumin da ba ya kwanciya da rana. Yana cikin ragata, hannuwa a kan ciki, baki a ɗan buɗe, yana jan minshari har ragar tana motsi.

Na daskare a bayan kargo. Dariya ta taso mini na danne ta da hannu biyu, sai kuma tsoro ya biyo bayanta. Na ce bari in koma da baya, in ya farka ya tafi, shi ke nan ban gani ba. To a daidai lokacin ne gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙarfi, aradu ta tsage. Ya farka firgigit ya yunƙura zai tashi, irin tashin da ake yi daga kan tabarma. Raga kuwa ba a yi mata haka. Ta rufe shi ruf. Ya miƙa ƙafa yana laluben guntun kututturen da ya taka ya hau, ashe tun hawansa ya mirgine ya yi gefe. Babban yatsansa ya shige huji ɗaya, igiyar layarsa ta sarƙe a wani. Yana yunƙuri tana juyawa da shi, ga shi gajere, ga ƙasa da nisa, ga tushen itace da duwatsu a ƙarƙashinsa. In ya faɗo da nauyin nan, ƙugu ko ƙafa sai ɗaya ya tafi, kuma a bakin damina.

Yaran yanzu za su ce, to ai sai ka ruga ka ce Baba sannu, ka kama shi. Ba ku san zamanin ba. Da na yi haka, da na tsirar da ƙafarsa na kashe aurena. Dattijo irin wannan ba zai iya zama surukin yaron da ya gan shi yana wutsil-wutsil cikin raga, riga ta naɗe har wuya, a cikin abin da ya zaga a bainar kasuwa ba. Duk ranar da ya gan ni zai tuna. Ba ƙiyayya ce za ta hana shi ba ni 'yarsa ba, kunya ce. In kuma na gudu na bar shi, ya faɗo ya karye, da wane ido zan dubi 'yarsa?

Ban san daga ina dabarar ta zo mini ba, Allah ne dai. Na janyo hulata ta rufe mini ido, na juya wa ragar baya, na ɗaga murya yadda za a ji ni har gonar gaba.

"Kai jaki, tsaya nan! Ka ga hadarin can? Bari in kwance 'yar ragar nan kada ruwa ya ruɓar mani da ita. Ga iska ta cika mani ido da ƙasa, ko gabana ba ni gani."

Motsin da ake yi a bayana ya tsaya cak.

Na riƙa tafiya da baya da baya har na ji gadon bayana ya taɓa ɗorawa, inda igiyar wajen ƙafafunsa take. Na laluba ƙullin. Na ce, "Jaki, ta nan zan fara sassautawa, sannu a hankali. In da a ce akwai wani kaya a ciki, to da sai ya riƙe gefe da gefe da hannu biyu, ya zare yatsa daga huji, kada ya motsa."

Jaki ya kaɗa kunne. A bayana na ji ragar ta yi ɗan ƙara, alamar kaya ya bi umarni.

Na kwance ƙullin, igiyar tana zagaye da itacen, na dafe ta da hannu biyu na fara saki kaɗan kaɗan. Ashe mutumin nan dutse ne! Igiyar ta fizge ni, na turje da ƙafa a jikin saiwa, tana zamewa cikin tafin hannuna tana cin fata kamar wuta. Na ciji leɓe. In na sake ta gaba ɗaya ya faɗo, in na waiwaya in ga saura nawa ya kai ƙasa, na gan shi. Haka na yi ta saki ina kallon gindin jaki, gumi yana shiga mini ido, ina cewa, "Sannu dai, jaki, sannu dai, an kusa." Can sai na ji nauyin ya ragu, sannan aka yi gyaran murya sau ɗaya, ƙasa ƙasa. Na gane ƙafa ta taɓa ƙasa.

Na saki igiyar na ce, "Ash-sha, jaki, na mance gatarina can ƙarshen gona. Zo mu tai mu ɗauko." Ban zo da gatari ba ran nan. Na kora jakina muka yi gaba ban waiwaya ba, muka je muka tsaya muna kallon hadari ni da shi.

Da na dawo ba kowa. Ba fartanya, ba takalma, ba malfa. An kwance ɗaya bakin ragar, an naɗe ta tsaf an ɗora a kan kututturen, a samanta kuma ga goro ɗaya fari.

Ina tsaye da goron a hannu ruwa ya sauko. Wayyo, ruwan farko! Manyan ɗigo masu ɗumi, ƙasa ta saki ƙamshin nan da ba shi da na biyu, kwaɗin da ba a san inda suke ba suka fara kuka. Na rungume ragata na riƙa tsalle cikin ruwa ina ihu ni kaɗai kamar taɓaɓɓe, tafin hannuna yana zugi ban damu ba. Ban san ko auren ya tsira ba, amma na san ban ga komai ba, shi ma ya san ban ga komai ba.

Washegari gari duka ya fita shuka. Na naɗe hannuwana da tsumma na kama sungumi ina sara, ƙannena suna bina suna zuba iri. Mahaifiyata ta tambayi abin da ya sami hannuna na ce igiyar jaki ce. Da na kai iyaka na hango shi, na tuɓe takalma na durƙusa na gaishe shi yadda na saba. Ya ce "Yawwa" yadda ya saba. Sai dai a wannan karon ya daɗe yana kallon hannuwana.

Bayan an gama shuka baffana ya sa babbar riga ya tafi karɓo amsa. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, mahaifiyata ta ce in fita daga tsakar gida ina sa mata jiri. Can sai ga shi ya dawo yana girgiza kai, dariya tana neman ƙwace masa.

"Kai, mi ka yi ma mutumin nan?"

"Ba komi, Baffa."

"To an ba ka. Ya ce yaron dai shina hira da jaki, amma shina da hankali." Ya zauna ya cire hula. "Sai dai da sharaɗi. Ya ce ragar nan tana ɓata samarin gari. A kai mashi ita gida ya tsare ta, kada wani ya sake hawa."

Mahaifiyata ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na fita da gudu ba takalmi, ban tsaya ba sai gidan abokina mai agogo. Da kaka aka ɗaura aure. Ragar kuwa tun ranar da Baffa ya kawo amsa na naɗe ta na aika, kuma an tsare ta da kyau. Matata ce ta ba ni labari daga baya, tana dariya har da hawaye, cewa a bayan ɗakinsa ya ɗaure ta, ƙasa ƙasa yadda ƙafarsa za ta kai, kuma duk bazara bayan azahar ba mai giftawa ta wajen. In an tambaya sai a ce Baba yana duba igiya ko gara ta taɓa.

Ni ban ƙara ganinsa a ciki ba. Duk lokacin da na je gidan da rana, tun daga nesa nake fara tari, in tsaya a zaure in yi sallama da ƙarfi, in tsaya gyaran takalmin da ba abin da ya same shi, har sai na ji an yi gyaran murya daga ciki. Da na ga dai tawa ta tafi ke nan, na sa aka murza mini igiyar rama na zauna na saƙa wata da abin da na tuna. Ta farko ta fito kamar kwandon kaji, amma a hankali hannuna ya faɗa. A cikin wadda ta yi kyau matata ta samu amsar tambayar da ta yi mini a bakin rijiya, kuma daga ranar sai da na saƙa wa kaina wata, don ta ƙi sauka.

Muka zauna da surukina shekara da shekaru, har 'ya'yanmu suka fara aure. Na yi masa noma, ya yi wa 'ya'yana huɗuba, mun sha zama a makoki da suna, ni a can gefe shi a can gefe. Ko sau ɗaya maganar ranar nan ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Ban faɗa wa kowa ba, har matata, sai bayan ba ransa.

Da bazara ya rasu. Aka yi masa sutura aka sallace shi, muka ɗauka zuwa maƙabarta. Na tsaya a baya inda ya kamata suruki ya tsaya, don saka mamaci a kabari aikin 'ya'ya ne da 'yan'uwa. Sai na ga babban ɗansa yana ratsa mutane yana nemana. Ya kama hannuna ya ce, "Baba ya bar magana. Ya ce in za a sa shi, kai za ka shiga ka karɓe shi. Ya ce ka iya sauke mutum."

Mutane suka dubi juna, ba wanda ya gane. Na tuɓe takalma na shiga, aka miƙo mini shi. Mutumin da ya taɓa sale mini fatar hannu ya zama ba nauyi, ciwo ya cinye shi. Na sauke shi sannu a hankali, na kwantar da shi a gefensa na dama. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba.

Yanzu ni ne tsohon. Jikokina sun ɗaure mini raga a inuwar tsakar gida, ƙasa ƙasa, kuma har yau in bazara ta shigo ɗokinta nake yi kamar saurayin da ya dawo daga Ikko. In na ji wani yana zagin hutu sai in yi murmushi, don na ga manomin da ya fi kowa a garinmu yana minshari a sama da ƙasa, kuma hakan bai rage masa ko damin dawa ɗaya ba. Wanda ya yi aiki ya kwanta, ba laifi ba ne. Abin da na ƙara sani kuma shi ne, wani lokaci babban taimakon da za ka yi wa mutum shi ne ka taimake shi ba tare da ka gan shi ba.

Kwanan baya na yunƙura zan tashi daga ragar, gwiwa ta ƙi, na yi ta fama ni kaɗai ina jin kunyar in kira. Sai ga mijin jikata ya shigo ba zato. Na ga ya tsaya, ya kawar da kai, ya hau yi wa akuya faɗa wai ta ci masa igiya, yana matsowa da baya da baya har kafaɗarsa ta zo daidai hannuna. Ban taɓa ba shi labarin nan ba. Na dafa shi na miƙe, na yi gyaran murya sau ɗaya.